Ranar da Bakano Ya Riƙe Bakinsa a Zaurenmu

Ni ba mai yawo ba ce, duk wanda ya san ni ya san haka. In ka cire Kano da na je haihuwar ƙanwata, da Katsina da aka kai ni ganin likitan ido, to rayuwata duka tsakanin madafa take da gindin darbejiyar tsakar gidanmu a nan Daura. Amma fa kar a ce ban ga duniya ba. Duniyar ce take zuwa ta same ni, ta cire takalmi a bakin zaure, ta ce a ba ta ruwa.

Gidan da aka kawo ni aure masaukin baƙi ne tun zamanin kakan maigidana. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta sha ba ni labari muna surfe. Ta ce a da, in ayarin fatake ya taso daga Kano zai nufi Damagaram har Agadas, nan bayan gidan ake sauke wa jakuna da raƙuma kaya. Masu gangarowa daga arewa da kanwa da gishiri da dabino, su ma nan suke yada zango. Wani lokaci ayari biyu su yi kiciɓis, sai ciniki ya ƙare a nan, kowa ya juya inda ya fito. Takan ce, “Me zai kai ka Kano, tunda Kano ta zo ta same ka a Daura?” Daga baya Turawa suka zo suka ja layinsu. Ta ce layin nan bai tambayi kowa ba, ya bi ta tsakiyar gonaki, ya bi ta tsakiyar dangi. Wa ya wayi gari a wata ƙasa, ƙane a wata, alhali ba wanda ya tashi daga kan tabarmarsa.

Raƙuma sun tafi, motoci da babura sun gaje su, amma halin garin bai sake ba. Har gobe in mutumin Nijar da mutumin Kano suna da magana, ta aure ce, ta sulhu ce, ko ta ganin jariri, sai ka ji an ce, “To a haɗu a Daura.” Na can ba ya jin ya yi nisa da gida, don yana ƙetare bodar Kongolam ya iso. Na Kano ya biyo ta Kazaure, ya yi abin da ya kawo shi, ya koma ya kwana a ɗakinsa in ya ga dama. Ba wanda zai ce shi ne ya bi wani. Kuma in ka duba, ai garin ma da baƙo ya yi suna. Wane yaro ne bai san labarin mutumin da ya iso ya roƙi tsohuwa ruwa, ta ce ba ranar ɗiba ba ce, ya tafi rijiyar Kusugu ya gama da macijiya? Duk baƙon da ya sauka a gidanmu sai ya ce a kai shi ya ga rijiyar, ya dawo da ruwanta a gora zai kai tsaraba. Ni da nake 'yar gari, rabona da ita tun ina budurwa.

Karatuna bai wuce allo ba, sai ɗan yaƙi da jahilci da na yi da girmana. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Ina cikin gida mutum zai yi sallama, kafin maigida ya fita na faɗa masa daga inda yake. Wanda ya ce ya sauko daga mato, ɗansa yana lakwal maimakon makaranta, wannan ka san ta arewa ya ɓullo. Bakano kuwa tun daga yadda yake gaisuwa kamar ana jiransa a wani wuri. Kuma katangar da ta raba zaurenmu da madafa tana da 'yar taga a sama, ta shan iska. Ban taɓa laɓe ba, Allah ya sani. Maganar ce take biyo iska ta same ni a bakin murhu.

To, ƙanwata da take aure a Kano tana da ɗa, yaron kirki, yana gyaran waya. Lokacin sunan jikata shi ya tuƙo uwarsa zuwa nan. A wannan sunan kuma dangin maigidana na Damagaram sun zo, cikinsu da wata yarinya mai koyon aikin ungozoma, doguwa, mai yawan murmushi. Marainiya ce. Wan ubanta ne ya riƙe ta tun tana rarrafe, shi kuwa ɗan baffan maigidana ne, ya girme shi nesa, Yaya yake ce masa. Ban san lokacin da yaran suka ga juna ba. Na dai lura ɗan ƙanwata, wanda da sai shekara nake ganinsa, ya koma kullum yana da saƙon da zai kawo mini. Yau sabulu, gobe maganin ƙafa. Ran nan na ce masa, “Kai, ƙafata ta warke. Faɗi abin da ke ciwo a taka.” Ya sunkuyar da kai yana dariya.

Yarinya tana so, yaro yana so, uwaye mata sun yarda. Saura tsohon Damagaram. Shi bai ce a'a ba, bai kuma ce i ba. Abin da ya faɗa wa maigidana a waya shi ne, Kano babban gari ne, yana haɗiye mutum. Yarinyar nan amana ce a wuyansa. In ya ba da ita can, ga nisa, ga boda da yau a buɗe gobe a rufe, wa zai gaya masa in tana kuka? Ya ce sai ya ga mutanen da idonsa, ya ga irin zamansu. In ransa bai kwanta ba, to a yi haƙuri, akwai masu nema a gida.

A ƙa'ida masu nema ne ke zuwa gidan yarinya. Amma tsohon ya ce dama zai shigo kasuwar Mai'aduwa duba shanu, kuma gidanmu ai gidansu ne, a same shi a nan. Uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, don haka aka turo ƙanin uban yaron, wani Alhaji mai sayar da yadi a Kantin Kwari, tare da wani abokinsa. Na san Alhajin nan. Duk danginsu ba mai bakinsa. In ya zauna a wuri, ko gidan makoki ne, sai an yi ta toshe baki da mayafi. Da na ji shi aka turo, na ce wa maigida, “An gama. Tsohonka ya samu daidai da shi.” Don shi ma tsohon ba baya ba ne, kuma kowa ya san Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne. Tun yaƙin da kakanninsu suka yi, da aka ajiye makamai sai aka koma yi da baki. Ko ba su taɓa ganin juna ba, da sun haɗu sai tsiya, wannan ya ce wancan bawansa ne, kuma ba mai fushi.

Mutanen Damagaram suka riga isowa, tsohon da matarsa Hajiya. Suka kawo mini cuku da kilishi da dabino. Da hantsi sai ga Kanawa. Na riga na dama fura, na ɗora shinkafa, zabi suna kan wuta. Aka shiga zaure, aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen gida. Ina jin tsohon ya gyara murya na ce a raina, bisimilla.

“Ƙanena,” ya ce wa maigidana, “waɗannan su ne bayin nawa? Ka duba aljihunka tukuna. Bakano in ya ba ka hannu, ka ƙirga yatsunka kafin ka mayar cikin riga.”

Na tsaya da muciya a hannu ina jiran ramuwa. Sai na ji Alhaji ya ce, a hankali kamar mai jinya, “Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe.”

Na ce ko bai ji da kyau ba ne. Aka kai fura. Tsohon ya sake gwadawa.

“A ba su ludayi ƙanana. Mutanen nan ba su san nono ba, ruwan alli ake sayar musu a roba su ce madara. In suka sha na gaske cikinsu zai ruɗe.”

Maigidana ya yi dariya, abokin Alhaji ya fara ya haɗiye. Alhaji ya ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Mun gode.”

Kai, ni da nake bayan katanga sai da na ji kunya ta kama ni. Ka taɓa miƙa wa mutum hannu cikin taro ya bar ka da shi a iska? To haka abin yake. Tsohon bai daddara ba. Ya ce ya ji labari a Kano har inuwar bishiya ana haya. Ya ce in an ba su yarinya kar su je su sa mata farashi su rataye a kanti. Duk wanda ya jefa, sai ya faɗa cikin “ranka ya daɗe” kamar dutse a rijiya mai zurfi, ko ƙara ba ka ji. Sannu a hankali muryar tsohon ta canza. Ya daina cewa bayina, ya koma cewa Alhaji. Ya fara tambayar farashin taki. Wanda bai sani ba zai ce ai yanzu ne aka shiga mutunci. Ni kuwa na san ƙofa ce take rufuwa. Aka ci abinci shiru, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Da Alhaji ya buɗe baki zai shigo da maganar da ta kawo su, tsohon ya ce a bari a yi salla tukuna.

Ya shigo cikin gida yin alwala. Hajiyarsa ta miƙa masa buta a gindin darbejiya, ni ina kwashe ƙanzo a gefe. Bai ko rage murya ba.

“Ki haɗa kayanki. Da an yi la'asar za mu kama hanya.”

Ta ce, “Haba Malam, ko maganar ba a yi ba.”

“An yi ta. Tun safe nake jan mutumin nan, ko haƙorinsa ban gani ba. Ko dai ya raina ni, yana ganin ni baƙauye ne ban kai ya yi wasa da ni ba, ko kuwa gidansu haka yake, ba a dariya. Ko wanne ne, ba zan kai marainiya can ba. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake tsokanarta tun safe har dare, in kai ta inda za a riƙa ce mata sannu, sannu, kamar mai zaman asibiti?”

Ya yi alwalarsa ya fita masallaci. Hajiya ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “'Yar'uwa, da me zan koma in gaya mata? Jiya ko barci ba ta yi ba.”

Na ce, “Ki bar kayanki inda suke.”

Da aka dawo daga masallaci, tsohon ya tsaya gaisawa da maƙwabta a waje. Na ce wa maigida ya turo mini Alhaji bakin ƙofar cikin gida, ina da saƙo zuwa ga ƙanwata. Ya zo ya tsaya bayan labule, ya yi sallama.

Na ce, “Alhaji, lafiyarka kuwa? Ko haƙori ne ke damunka?”

“Lafiya lau, Hajiya.”

“To kai Bakano ne ko an canza mana kai a hanya? Mutum tun safe yana yi maka wankin babban bargo, kana ce masa ranka ya daɗe?”

Sai na ji ya sauke wata ajiyar zuciya kamar an kwance bakin buhu. Ya ce, “Hajiya, ki bar ni da abin da ke damuna. Wallahi amsoshi sun cika mini ciki har wuya. Zabuwar nan da kika soya ban san ɗanɗanonta ba. Maganar nonon nan da ya yi, ina da guda uku a kanta, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi.”

“To wa ya riƙe ka?”

“Ƙanwarki. Kafin mu taso ta sa ni a gaba, ta ce neman aure za mu, ba kasuwa ba. Ta ce mai nema ba ya ɗaga kai, in na saki bakina na ɓata wa ɗanta aure ba za ta yafe mini ba. Sai da na yi mata alkawari ko mari na aka yi zan ce na gode.”

Na gaya masa abin da na ji a gindin darbejiya, ban rage komai ba. Ya yi salati. Na ce to ya koma ya gyara. Sai mutumin nan ya ce mini a'a. Alkawari kaya ne, wadda ta ɗora masa ita za ta sauke. Ka ji fa, ana maganar mutane za su hau mota, shi yana maganar kaya.

Na ɗauko waya na kira ƙanwata. Tana ɗauka ta ce, “Yaya, an bayar?”

Na ce, “An kusa hanawa, kuma ke ce sila. Sake bakin mutumin nan.”

“Yaya, ba ki san shi ba ne. Bara da layya ya raka mu sayen rago, ya yi ta tsokanar mai ragon har ya rantse ko nawa za mu ba shi ba zai sayar mana ba.”

“Mai ragon Badamagare ne?”

“A'a.”

“To wannan Badamagare ne. Ke kin daɗe a birni kin manta. Su mutanen nan, in Bakano bai zage su ba gani suke bai ɗauke su dangi ba. Ladabin da kika ɗora masa shi ya kusa kashe auren.”

Ina jin numfashinta. Can ta ce, “In ya ɓaci fa?”

Na ce, “Ya riga ya ɓaci. Hajiya tana nan an ce ta haɗa kaya.”

Ta ce in ba shi wayar. Na miƙa ta gefen labule. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ji ya ce, “Duka? Ba ragi?” Sai ya dawo mini da waya, ya gyara zaman hularsa, ya juya. Tafiyarsa ma ta canza.

Na koma madafa, na ja Hajiya ta zauna kusa da ni ƙarƙashin tagar. Muka ji an zazzauna. Tsohon ya fara da murya irin ta sallama, yana cewa to, Alhaji, an gode da tattaki, su za su koma, duk abin da Allah ya nufa za a ji daga baya.

Alhaji ya ce, “Ai dama na san za ka koma. Gado ne.”

Tsohon ya ce, “Me ka ce?”

“Na ce gado ne. Kakanninku ma haka suka yi. Suka taso da dawakai da bindigogi, da kiɗa da busa, wai za su ci Kano. Suka zo suka ga ganuwa, suka tuna sun bar shayi a kan wuta, suka juya. To kai ko Kazaure ba ka kai ba, daga ganin Bakano ɗaya a zaune ka ce a haɗa kaya.”

Hajiya ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Shi kuwa Alhaji ya samu hanya, ina zai tsaya.

“Ni taimakonku na zo yi. Shekara da shekaru kuna mafarkin shiga Kano. Ga shi mun zo da kanmu za mu ɗauki 'yarku a mota, mu shigar da ita ta ƙofar gari da rana tsaka, ba harbi ko ɗaya, mu ba ta ɗaki da mafici, ga bawa mun tanadar mata mai gyaran waya. Yarinya ɗaya za ta ci garin da ya gagari kakanninka. Maimakon ka tashi ka yi mini godiya, tun safe kana ba ni labarin nono.”

Ni da Hajiya muka kasa kunne. Sai muka ji wani abu kamar tari. Ashe dariya ce ta sarƙe tsohon. Ya yi ta yi har maigidana yana cewa, “Yaya, sha ruwa.” Da ya samu numfashi ya ce, “Ɗan banza! Ashe bawan nan yana da baki! To tun safe ina ka ajiye shi, ko jingina ka bayar a Kwari?”

“Tsoro nake kar in fito da shi ka suma a gidan mutane, a ce Kanawa sun kashe tsoho.”

Daga nan kuma ba a sake jin kunne ba. Alhaji ya zazzage guda ukun nan na nono, ya ƙara da na kuɗinsu sefa, tsohon yana mayarwa, abokin Alhaji da ya yi wuni kamar kurma shi ma ya tsoma baki. Maigidana ya ce a yi wa Daura shiru, ita ce uwarsu duka. Suka taru suka far masa, suka ce mutanen da macijiya ɗaya ta hana su shan ruwa sai da baƙo ya zo ya cece su, su ma har suna da bakin magana? Ni da Hajiya muna ta share hawaye da gefen zane.

La'asar ta yi ta wuce ba wanda ya ambaci mota. Can na ji muryar tsohon ta sauka, ba sanyin ɗazu ba, wani sanyin daban. Ya ce, “Alhaji, yanzu ban da wasa. Ubanta ya bar mini ita ba ta san fuskarsa ba. Ban taɓa barin ta kwana da yunwa ba, ban taɓa barin ta kwana da fushi ba. In ta yi laifi ku yi mata faɗa. Amma in kun ga ta yi shiru, kar ku ce haƙuri ne da ita. Ku tsokane ta har sai ta faɗi abin da ke ranta.”

Alhaji ya ce, “Na karɓa. Gidana da nasu katanga ɗaya ce. In ta yi kuka ban sani ba, ka zo ka kama ni a kasuwa gaban kowa.”

“To na ba ku.”

Aka shafa fatiha, aka fasa goro, aka aiko mana da namu cikin gida. Hajiya ta shige ɗaki da wayarta don ta sanar da yarinyar. Ni ma tawa ta yi ƙara. Ɗan ƙanwata ne, ashe tun safe yana shago bai iya taɓa aikin kowa ba.

Ya ce, “Inna, yaya?”

Na ce, “Ka fara neman kuɗin lefe, an ba ka.”

Sai ya ce da wata ƙaramar murya, “Alhamdu lillahi. Baffa ya yi ladabi ke nan.”

Na ce, “Zo Daura ka gaishe da surukinka kafin ya koma. In ya ce maka bawa, kar ka kuskura ka ce masa ranka ya daɗe.”